Babi na Tara: Alamomin da ke Tsare Jirgin Ƙasa

Direban mota idan ya hangi rami ko saniya a gabansa, sai ya murɗa sitiyari ya kauce. Direban jirgin ƙasa ba shi da sitiyari. Inda dogo ya nufa, nan zai bi. Haka kuma jirgi ba ya tsayawa nan take. Ƙafafunsa ƙarfe ne, dogon ma ƙarfe ne, ga kuma nauyin taragu yana turo shi daga baya. Jirgin da ya ɗauko kaya, idan yana cikin gudu, yakan ƙara tafiyar kilomita guda ko fiye bayan an kama birki. Don haka tilas a sanar da direba abin da ke gabansa tun idonsa bai kai ba. Aikin sigina ke nan.

Dogon Legas zuwa Kano

An buɗe dogo daga Legas zuwa Badun a 1901. A Arewa kuma an fara shimfiɗa wani daga Baro, a bakin Kogin Kwara, a 1907, ya iso Kano a 1911. Daga baya aka haɗe layukan biyu a Minna. Kafin a gama gadar Jebba a 1916, a kan jirgin ruwa ake ɗora taragu a ƙetare kogin da su. Tsawon hanyar ya haura kilomita 1,100, kuma matafiyi yakan kwana ya yini a cikin jirgi, ya ratsa Zariya, Kaduna, Minna, Zungeru, Jebba, Ilori da Badun.

Wannan dogo tilo ne. A wancan zamani, jirgin da ya gangara Kudu da gyaɗa, fatu da shanu, da wanda ya hauro Arewa da goro, gishiri da atamfa, duk a kan layi ɗaya suke tafiya. Sai a tasha ne dogon yake rabuwa biyu, ɗaya ya raɓe, ɗaya ya wuce. To, ta yaya ake hana su yin karo a tsakiyar daji?

Darasin da aka koya a Ingila da Ailan

A Ingila aka fara jirgin ƙasa na haya a 1825. Da farko da agogo ake aiki. Idan jirgi ya tashi, sai a jira 'yan mintuna, sannan a saki na bayansa. Amma idan na gaba ya lalace a hanya, na baya ba shi da labari. A 1889, kusa da garin Armagh a ƙasar Ailan, wasu taragu suka kuɓuce a kan tudu, suka gangaro baya, suka yi karo da jirgin da ke biye. Mutum 80 suka rasu, da yawansu yara. A shekarar nan aka kafa doka cewa a raba dogo yanki-yanki, kada jirgin fasinja ya shiga wani yanki sai an tabbata na gabansa ya fita. Tasha da tasha suna sanar da juna ta wayar tangaraho da ƙararrawa. Da irin wannan tsari Turawa suka zo ƙasarmu.

Hannun sigina

Tsohuwar sigina dogon turke ce mai hannu ɗaya a sama. An fara kafa ta a gefen dogo a Landan wajen 1842. Idan hannun ya miƙe sambal a kwance, ma'anarsa tsaya. Idan ya karkata, ma'anarsa wuce. Da dare akwai fitilar kananzir a jikin turken, hannun kuma yana ɗauke da gilashi biyu, ja da kore. Duk lokacin da hannun ya motsa, sai gilashin da ke gaban fitilar ya sauya. Akwai kuma wata sigina da ake kafawa can nesa da tasha, mai hannu kamar wutsiyar kifi. Ita gargaɗi take yi, don direba ya fara rage gudu.

Ma'aikaci ne ke motsa hannun daga tasha. Yana jan wata doguwar liba ta ƙarfe, waya kuma ta ja hannun. An ƙera turken da wani nauyi a jikinsa, yadda ko wayar ta tsinke, hannun zai koma kan tsaya. A 1856 wani Bature mai suna John Saxby ya fito da dabarar kulle liba da liba. Da wannan dabara, ma'aikaci ba zai iya ba jirgi hannu ba sai ya gyara masa layin da zai bi, ko da kuwa barci ne a idonsa.

Sandar izini

A kan dogo tilo, sigina kaɗai ba ta isa ba. A 1874, kusa da garin Norwich a Ingila, an samu rashin fahimta wajen aika saƙon waya, aka saki jirage biyu suka tari juna, mutum 25 suka rasu. Bayan haka, a 1878, Edward Tyer ya ƙera na'urar da ke riƙe alamar izini. A wani wuri alamar faifan ƙarfe ce, a wani wuri 'yar sanda ce ko makulli, kuma an rubuta sunan tashoshi biyun da jirgin zai bi tsakaninsu a jikinta.

Ga yadda take aiki. Akwai na'ura a wannan tasha, akwai 'yar'uwarta a tasha ta gaba, waya ta haɗa su. Shugaban tasha ba zai iya zare sanda ba sai takwaransa na can ya yarda. Da zarar ɗaya ta fita, na'urorin biyu sun kulle, ba mai sake zare wata sai an mayar da ita. Direba ba ya barin tasha sai sandar na hannunsa. Tamkar sandar sarauta ce: wanda ya riƙe ta shi ke da iko da hanya. Idan ya isa tasha ta gaba, ya miƙa ta, ya karɓi ta gaba.

Wannan ne dalilin da jirgi kan daɗe tsaye a ƙaramar tasha, fasinja suna ta ƙorafi. Sau da yawa ba lalacewa ya yi ba, jiran wani jirgin yake ya iso da sandar.

Tuta, fitila da usur

Gadi, wato ma'aikacin da ke kula da jirgin, yana tarago na ƙarshe da tuta ja da kore. Idan lokacin tashi ya yi, ya busa usur, ya ɗaga kore. Da dare fitilar hannu yake ɗagawa. Idan jirgi ya lalace a daji, gadin yakan taka da ƙafa ya koma baya da nisa, ya ɗaura wasu ƙananan abubuwa masu fashewa a kan dogo. Jirgin da ya taka su zai ji ƙara mai ƙarfi, direba ya kama birki.

A yau, a sababbin layuka irin na Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe a 2016, fitilun lantarki sun maye gurbin hannun sigina. Amma ƙa'idar ba ta sauya ba: yanki ɗaya, jirgi ɗaya.

Tambayoyi

1. Me ya sa jirgin ƙasa ba ya tsayawa nan take?
2. A wace shekara dogo ya iso Kano?
3. Mene ne ma'anar hannun sigina idan ya miƙe a kwance?
4. Me direba zai riƙe kafin ya bar tasha a kan dogo tilo?

Jan kunne

Idan ka zo inda titi ya ƙetare dogo, tsaya, duba dama da hagu, ka saurara. Kada ka yi tsere da jirgi. Makiyayi kada ya bi da shanu ta kan dogo, ɗan kasuwa kada ya baza kaya a kansa, fasinja kada ya hau rufin tarago. Wanda ya yanke wayar sigina ko ya kwance ƙarfen dogo, rayukan jama'a ya sa a haɗari. Idan ka ga mai yin haka, ka sanar da shugaban tasha ko mai unguwa, kuma ka koya wa yaranka abin da ka karanta a wannan babi.