Darasi Kan Akawun Na'ura Ga Masu Haya A Intanet

Ya 'yan'uwa 'yan kasuwa da dillalai, darasinmu na yau ba na farashin gero ba ne. Yaranmu da suka yi karatu a jami'ar Wudil sun fara zuwa mana nan Gafasa suna neman jari, wai za su buɗe sana'ar ba da hayar wuri a intanet. Tun da kuɗin hatsinmu ne zai shiga, wajibi ne mu san abin.

Sana'ar kamar sito ce a Dawanau. Yaro ya kama babbar kwamfuta haya, ya yanka ta ɗaki-ɗaki, kowane mai shafi ya ajiye kayansa yana biya duk wata ko duk shekara. To wa zai rubuta takardar biya, ya tuna wa mai bashi, ya kulle ɗakin wanda ya ƙi? Manhaja ce ke wannan aiki, watau akawun na'ura. Waɗanda aka sani su ne WHMCS da Blesta da HostBill, sai FOSSBilling ta kyauta.

Farkon tambaya: da wane kuɗi ake biyan akawun? Da dala ne, alhali masu haya naira suke kawowa. A farkon 2023 dala ba ta kai naira 500 ba a farashin gwamnati, a 2024 ta haura 1,500. Wanda ya karɓi kuɗin shekara a hannun mutane kafin tashin nan, ya yi ta cika gibi daga aljihunsa wata bayan wata. Kana WHMCS tana ƙara kuɗinta gwargwadon yawan masu hayarka, kasuwa na buɗewa lada na hawa. Saboda haka a sa yaro ya yi lissafin mutum 50 da na mutum 500 a gabanmu kafin a ƙirga masa ko kwabo. Ta kyautar ba ta cin dala, amma in ta lalace da dare shi kaɗai ne magyari.

Sa'an nan a duba ko tana haɗuwa da Paystack ko Flutterwave, domin mutanenmu da tura kuɗi ta banki suka saba. In ba ta gane kuɗi ya shigo, za ta kulle wanda ya riga ya biya, mutunci kuwa ya zube.

Inda muka fi jan kunne shi ne nan. Kullewa daban, sharewa daban. Na'ura ba ta san mutum ya tafi jana'iza ba, ranar da aka ba ta kawai ta sani. Mu ba ma watsar da buhun mutum waje don ya yi lattin kwana bakwai. A sa ta kulle, amma sharewa a bar ta a hannun mutum, sai an buga waya an ji uzuri. Akwai kuma wurin da take ɗora tarar latti a kan bashi. Mu dai a kashe shi muka ce, ba ma son kuɗin da ya haifu daga jinkiri.

Wani yaro ya nuna mana kwafin sata, wai ba biya. Ba mu yarda ba, domin a cikinta sunayen mutane da lambobinsu za su zauna, ba a kuwa san wanda ya riƙe wani mabuɗin ba. Mun ce ya je ya gwada ta gaskiya wata guda da mutum biyar, ya fitar mana da littafin bashin a takarda mu gani, kana a yi maganar jari bayan kaka.