Darasi Na 14: Tafiya Kan Babur Da Damina

Yau babur ya shiga kowane ƙauye. Shi ke kai hatsi kasuwa, shi ke kai mai naƙuda asibiti. Cikinku akwai masu babur, akwai kuma waɗanda 'ya'yansu ke acaɓa. Wanda bai iya tuƙi ba ma, a kan goya shi. Saboda haka wannan darasi ya shafi kowa.

Daga Bauci zuwa Jos kimanin kilomita 130 ne, watau mil 80. Hanyar ta bi ta Zaranda, da Nabardo, da Magama, da Tilden Fulani. Wanda ya tashi daga Bauci ya nufi Jos hawa ya ke yi, ko da bai lura ba. Garin Bauci ya ɗara teku tudu da kimanin mita 600, Jos kuwa ta kai mita 1,200. Masana sun auna, sun ga duk hawan mita 1,000, zafi ya kan ragu da kimanin digiri 6. Shi ya sa mutum ya kan bar Bauci yana gumi, ya isa Tilde yana neman bargo. Ruwan sama ma ya fi yawa can wajen duwatsu, har wani lokaci da ƙanƙara.

Ita ce hanyar da na ke bi in za ni duba azuzuwan ƙasar Toro. Ga yadda wata tafiya ta kasance cikin watan Agusta, tsakiyar marka.

Tun da dare na duba babur. Na duba tayoyi, gama tayar da zanenta ya cinye ba ta kama jiƙaƙƙiyar kwalta. Na gwada birki na gaba da na baya, na ɗiga wa sarƙa mai, na kunna fitila na ga tana ci. Littattafai da alli na sa su cikin leda biyu, ɗaya cikin ɗaya, na ƙulle. Busasshiyar riga ma na yi mata ledarta dabam. Sa'an nan na jefa sabon fulogi da sifanarsa cikin jaka. Ku riƙe wannan fulogi a zuciya, za mu komo kansa.

Da na idar da sallar asuba na kifa hular kwano, na ɗaure igiyarta a haɓa, na kama hanya. Hular da ba a ɗaure ba ita ke fara barin kai in an faɗi. A watan Janairu na 2009 hukumar kiyaye haɗarin hanya ta fara kama masu hawa babur ba hula. Waɗansu suka kifa ƙwarya a ka don su ruɗi ma'aikata. Mutane suka yi ta dariya. Amma ƙwarya ba ta tare kwalta. Likitoci sun bincika, sun ga hular kirki ta kan rage haɗarin rauni a ka da wajen kashi 70 cikin 100.

Gari garau, rana ta fito. Na tsaya wani aji kusa da Nabardo, muka yi karatu da lissafi. Da hantsi ya yi na ci gaba. Ban yi nisa ba, na duba madubi, sai na ga gabas ta yi baƙi ƙirin. Ku manoma kun fi ni sanin wannan: babban hadari a ƙasarmu daga gabas ya ke tasowa ya nufi yamma. To, mai zuwa Jos daga Bauci yamma ya dosa. Gabansa rana, bayansa hadari. In ba ya duban madubi, sai dai ya ji iska ta buge shi.

Yayyafi ya fara. Na rage gudu nan da nan. Farkon saukar ruwa ya fi santsi, domin ruwan ya kan haɗu da ƙura da man da motoci suka ɗiɗɗiga, ya zama kamar an shafa wa hanya sabulu. A jiƙaƙƙiyar hanya babur ba ya tsayawa inda ya saba tsayawa, sai ya ƙara gaba. Don haka a bar rata mai yawa tsakani da motar gaba. Birki kuwa a taɓa shi a hankali, na gaba da na baya tare, kada a fizga.

Sai walƙiya. Na ƙirga a zuciya, ɗaya, biyu, uku, har tara, kana na ji tsawa. Ga lissafin. Haske ya kan iso ido nan take, amma ƙara tafiya ta ke yi, kimanin kilomita ɗaya cikin daƙiƙa uku. Tara a raba uku, uku ke nan. Watau aradun ta faɗi kilomita uku daga inda na ke. Wannan kusa ne ƙwarai. Akwai wata babbar ɗorawa ita kaɗai a bakin hanya, masu babur biyu sun fake ƙarƙashinta. Na tsaya na ce musu, "'Yan'uwa, ku taso mu shiga gari." Itace dogo da ke tsaye shi kaɗai a fili, shi aradu ta fi faɗa wa. Kuma kada wani ya ce muku robar taya tana kare mai babur, ba ta karewa ko kaɗan. Muka shiga wani zaure a Magama. Bayan tsawa ta ƙarshe muka ƙara rabin sa'a kafin mu fito.

Rana ta sake fitowa kamar ba a yi kome ba, kwalta na tururi. Na saki kwalta na shiga hanyar ƙauye, jar laka zalla. A laka ƙaramar giya a ke sawa, a tafi sannu ba tsayawa, ƙafafu a shirye. Birkin gaba a laka kayar da mutum ya ke yi.

Da azahar na iso wani rafi. Da rani yara ke tsallake shi da ƙafa. Ran nan ya kawo, ruwan ja wur, yana tafe da karare da itatuwa. Wani tsoho na zaune a gaɓa da sandarsa. Na gaishe shi, na ce, "Baba, a kan ƙetare yanzu?"

Ya ce, "Malam, zauna tukuna. Ruwan dutse baƙo ne, ba ya kwana." Ya nuna mini wani tsinke da ya kafa a bakin ruwa. Ya ce in ruwa ya janye daga tsinken da taku biyu, sai a gwada.

Muna nan sai ga wani saurayi da buhun masara biyu a bayan babur. Tsohon ya ce, "Yaro, dakata." Ya ce, "Baba, kasuwa za ta tashi." Ya danna cikin ruwa. Bai kai tsakiya ba injin ya mutu, ruwa ya kwashe tayar baya. Da ƙyar mutane suka jawo shi da igiya, suka jawo babur. Buhu ɗaya ya tafi. Masarar da ya ci bashi ya saro ce.

Ku lura da kyau. Ruwa mai gudu, ko bai kai gwiwa ba, yana iya kayar da ƙato. Jan ruwa kuma ba ya nuna ramin da ya haƙa a ƙasa. Kafin a shiga da babur, sai mutum ya fara shiga da ƙafa da sanda, ya ji zurfi da ƙarfin ruwan. In zai kai bakin salansa, a kashe injin a tura, ko a haɗu a ɗauka. Mata da yara su sauka, a ƙetar da su dabam.

Saurayin ya tashi zai buga kik. Na riƙe hannunsa. Injin da ya sha ruwa ba a tayar da shi haka, gama ruwa ba ya matsuwa kamar iska, sai ya lanƙwasa ƙarfen ciki. Muka kwance fulogi, muka ɗaga gaban babur ruwan salansa ya zube, muka yi ta buga kik ba fulogi har ruwa ya daina fesowa. Muka matse soson iska, muka tsiyaye kafireta. Fuloginsa ya ƙi wuta, na ba shi nawa sabo. Babur ya tashi. Na ce ya duba baƙin mai. In ya ga ya yi fari kamar an zuba madara, ruwa ya shiga, lalle ya juye shi yau a wurin bakanike.

Bayan sa'a ɗaya da rabi ruwa ya janye daga tsinken tsoho. Muka ƙetare, ruwa iyakar ƙauri. Na tarad da 'yan aji goma sha tara suna jira a zauren mai unguwa. Littattafai ko ɗigo bai taɓa su ba.

Da la'asar na juyo, hazo ya sauko daga duwatsu, ga yayyafi, ga iska. Na kunna fitila don masu mota su gan ni. Jiƙaƙƙiyar riga da iskar gudu su kan zuƙe ɗumin jiki da sauri. Alamarsa rawar ɗari, da yatsu su sandare har su kasa kama birki a kan lokaci. Da na ji haka na tsaya wurin mai shayi, na sa busasshiyar rigar nan, na shimfiɗa leda a ƙirji ƙarƙashin rigar ruwa, na sha shayi mai zafi kofi biyu. Na shiga Bauci ana kiran sallar isha'i. Da safe na wanke laka daga sarƙa da birki, na sake ɗiga mai, na sayi wani fulogi na mayar cikin jaka.

Tambayoyi

1. Daga wace kusurwa babban hadari ya ke tasowa?
2. Ka ga walƙiya, ka ƙirga goma sha biyu kana ka ji tsawa. Kilomita nawa ke tsakaninka da aradun?
3. Don me tsoho ya kafa tsinke a bakin ruwa?
4. Rubuta abu uku da za ka duba a jikin babur kafin tafiyar damina.