Kyamara na ganin titi, ba ta ganin fuskar ɓarawo

A aikina na sanya kyamarorin tsaro a shaguna da gidaje, babu koken da ya fi dawo mini kamar wannan: an yi sata, an buɗe abin da kyamara ta naɗa, ga mutum a bakin ƙofa, amma fuskarsa baƙa ƙirin kamar inuwa. Wani mai shagon atamfa ya kira ni kan haka. Kyamararsa mai tsada ce, megafiksel 8, an maƙala ta a ciki tana fuskantar ƙofa. Titi ya fito tas, har lambar adaidaita sahu ana iya karantawa. Wanda ya ɗauke jakar kuɗin kuwa, babu mai iya shaida shi. Ranar na ji zafin abin, domin mai shagon bai yi rowar kuɗi ba, shawara ce bai samu ba.

Dalili shi ne idon kyamara, wato sensa, yana da iyakar tazarar da zai iya ɗauka lokaci guda tsakanin wuri mai haske da wuri mai duhu. Da desibel (dB) ake auna ta. Desibel 60 na nufin haske ya ninka duhu sau dubu, 120 kuma sau miliyan ɗaya. Kyamara ta gama-gari ba ta wuce 60 zuwa 70 sosai, ita kuwa ranar bazara a bakin shago mai duhu ta fi ƙarfin haka. Dole ta zaɓi ɗaya, ko titi ko fuska.

Maganin shi ne abin da za ka ga an rubuta WDR a jikin kwali, amma iri biyu ne. Na gaskiya yana ɗaukar hoto biyu ko fiye a jere cikin ƙiftawar ido, ɗaya da sauri saboda wurin haske, ɗaya a hankali saboda wurin duhu, sai ya haɗe su. Shi ake rubuta wa 120 dB. Wanda aka rubuta wa DWDR hoto ɗaya yake ɗauka, manhaja ta ƙara masa haske, kuma abin da sensa bai kama ba manhaja ba ta ƙirƙiro shi. Akwai kuma BLC, mai haskaka mutum ya bar waje fari fat.

Shi ma na gaskiyan yana da cikas: mai gudu kan fito da inuwa biyu, da dare kuma hoto kan yi yashi-yashi. Shi ya sa nake saita shi ya yi aiki da rana kawai.

Kafin ka sallami mai sanyawa, jira lokacin da rana ke dukan ƙofarka. Idan yamma take kallo, bayan la'asar ke nan. Sa yaron shago ya shigo da hula a kansa, sannan ka duba abin da aka naɗa, ka ga ko za ka gane shi.