Yadda Ake Gane Ƙaramin Gizo-gizon Kogo: Darasi Daga Duwatsun Dabai

Gabatarwa

Bahaushe ya san gizo-gizo tun yana yaro, domin da labarin Gizo da matarsa Ƙoƙi ake buɗe masa ido a dandalin tatsuniya. Sai dai sunayen da harshen ya tanadar wa wannan halitta, irin su gizo-gizo da tautau, ba su taka kara sun karya ba idan aka kwatanta da yawanta. Kundin sunayen gizo-gizo na duniya, wanda gidan adana halittu na birnin Bern a ƙasar Suwizalan yake kula da shi, ya cika nau'i 50,000 a watan Afrilun 2022, kuma ƙaruwa yake yi kowace shekara. Da yawa daga cikinsu ba su kai ƙwayar dawa girma ba. Wannan darasi zai bayyana matakan da ɗalibin ilimin halittu yake bi don ya gane ƙaramin gizo-gizon da ya samo a kogo ko a ƙarƙashin dutse, tare da ɗaukar duwatsun Dabai a matsayin fagen aiki.

Muhallin

Dabai tana kusa da garin Zuru a kudu maso gabashin Jihar Kebbi, cikin ƙasar Dakarkari, waɗanda kakanninsu suka zauna a kan tsaunuka don kare kai daga mahara. Duwatsun yankin tsofaffi ne masu tauri, waɗanda ruwa ba ya narkar da su. Saboda haka kogwannin da ake samu galibi tsaguwa ce da sarari tsakanin manyan duwatsu da suka jingina da juna. Kogo mai nisan zango yakan samu ne a inda ruwa ya daɗe yana cin dutsen farar ƙasa, wato irin wanda ake yin siminti da shi a Kalambaina ta Sakkwato.

Wannan bambanci yana da tasiri a kan siffar mazauna kogon. A kogo mai zurfi, inda haske ba ya shiga ko kaɗan, akan sami gizo-gizo fari fat, mai dogayen ƙafafu, wanda idanunsa suka ƙanƙance ko suka ɓace. Alal misali, a shekarar 2012 masani Peter Jäger ya bayyana wani gizo-gizo marar ido, Sinopoda scurion, daga wani kogo a ƙasar Lawos. A kogo marar zurfi kuwa, abin da ya kamata ɗalibi ya sa rai da shi shi ne gizo-gizo mai son duhu da laima, amma mai cikakkun idanu, wanda zai iya rayuwa a kogon itace ko cikin ruɓaɓɓen ganye a gindin kurmi. Da rani, lokacin da hunturu ya busar da ƙasa kuma wutar daji ta cinye ciyawa, waɗannan tsaguwoyi su ne mafakar ƙananan halittu.

Mataki na farko: shin gizo-gizo ne?

Gizo-gizo yana da ƙafafu takwas, ba shi da fiffike, ba shi da 'yan ƙahonnin ji a ka. Jikinsa kashi biyu ne, wato kai haɗe da ƙirji, sa'an nan ciki, da ɗan siririn ƙugu a tsakani. Ƙwaro irin tururuwa ko fara ƙafafunsa shida ne, jikinsa kashi uku. Kunama da kaska su ma ƙafafu takwas gare su, amma ba su da wuyar bambancewa. Wanda yakan ruɗi ɗalibi shi ne wata halitta mai dogayen ƙafafu daga rukunin Opiliones, wadda take taruwa a inuwar duwatsu. Ita jikinta dunƙule yake wuri guda, idanunta biyu ne, kuma ba ta saƙa.

Mataki na biyu: wane dangi ne?

Masana sun kasa gizo-gizo zuwa dangi fiye da 130, kowane dangi da gidajensa, kowane gida da nau'o'insa. Ana gane dangi ta yawan idanu da jerinsu, da tsarin ƙafafu, da irin yanar. Dangi huɗu ne aka fi cin karo da ƙananansu a kogo da kurmin tsauni:

1. Pholcidae: ƙafafu dogaye sirara kamar zare, yana a hargitse, gizo-gizon yana rataye da cikinsa sama. Idanu uku-uku ne a dama da hagu, da ƙanana biyu a tsakiya, ko da yake wasu ba su da na tsakiyar. In an taɓa yanar sai ya dinga juyi da sauri har ido ya kasa kama shi. Macen tana riƙe ƙwanta a baki.

2. Linyphiidae: yawancinsu milimita 1 zuwa 3, yanarsu a shimfiɗe kamar tabarma, suna rataye a ƙarƙashinta. Sun fi yawa a ƙasashe masu sanyi da kan dogayen tsaunuka.

3. Nesticidae: masu son bakin kogo, suna da jerin gashi mai kama da matajin kai a ƙarshen ƙafar baya.

4. Ochyroceratidae: ƙanana ƙwarai, masu ido shida, mazauna ruɓaɓɓen ganye da kogwanni a ƙasashe masu zafi.

A yanki mai dogon rani irin na Zuru, dangin farko ne ɗalibi zai fi gani, domin suna zaune har a ɗakunan kwana da rumbuna. Tun 1850 masani C. L. Koch ya raɗa wa dangin suna, kuma an san fiye da nau'i 1,800 a cikinsa.

Mataki na uku: a ware baƙi

Akwai 'yan wannan dangi da suka bi kayan fatake da jiragen ruwa suka bazu a duk ƙasashe masu zafi. Artema atlanta babba ne, jikinsa yakan kai kusan santimita guda, cikinsa a dunƙule. Crossopriza lyoni bayan cikinsa yana da kusurwa kamar ta akwati. Smeringopus pallidus cikinsa dogo ne mai ɗigo-ɗigo. Kogon da ke kusa da gida ko gona zai iya ɗauke da ɗayansu, don haka wajibi ne a san su kafin a yi zaton an samo sabon abu.

Amma fa Hausawa sun ce kama da wane ba ta wane. A shekarar 2013 Bernhard Huber na gidan adana halittu na Koenig a birnin Bonn ta Jamus, tare da Peter Kwapong na ƙasar Gana, suka buga nazari kan wannan dangi a Afirka ta Yamma, inda suka bayyana sababbin nau'o'i biyar. Ɗaya daga ciki shi ne Artema bunkpurugu, wanda ya ci sunan garin Bunkpurugu a arewa maso gabashin Gana, yanki mai ciyawa da duwatsu da dogon rani kamar na Zuru. Wanda ya dube shi da ido kawai zai ɗauka Artema atlanta ne.

Mataki na huɗu: wane nau'i ne?

Launi da girma ba hujja ba ne, domin suna sauyawa da shekaru da abinci da kuma kusancin lokacin saɓa. Hujjar da masana suka dogara da ita ita ce siffar gaɓoɓin haihuwa na wanda ya balaga. Namiji yana da 'yan hannuwa biyu a gefen baki, waɗanda ƙarshensu yake a kumbure, kuma da su yake kai iri ga mace. Ita kuma mace tana da wani ɗan faifai mai tauri a ƙarƙashin cikinta. Ƙugiyoyi da lanƙwasar waɗannan gaɓoɓi sun bambanta daga nau'i zuwa nau'i, sun kuma dace da juna kamar mabuɗi da kwado. A dangin Pholcidae akan ƙara da duban 'yan ƙayoyin da ke gaban muƙamuƙin namiji. Ana duba duk wannan a ƙarƙashin madubin ƙara girma, gizo-gizon yana nutse cikin sifirit, a zana abin da aka gani, a kwatanta da zanen da ke cikin bayanin asali na nau'in. Wanda bai balaga ba, iyakarsa a san danginsa ko gidansa.

Littafin da Ansie Dippenaar-Schoeman da Rudy Jocqué suka wallafa a 1997 kan gane gizo-gizon Afirka yana kai ɗalibi ga dangi. Tun daga 2003 kuma, lokacin da Paul Hebert na ƙasar Kanada ya gabatar da dabarar karanta wani ɗan yanki na ƙwayar gado, ana iya cire ƙafa guda a gwada. Sai dai gwajin ba ya ba da suna sai in an riga an ajiye bayanin wannan nau'in a kundi.

Kamawa da adanawa

Kayan aikin ba su da tsada: tocila, ƙananan kwalabe masu murfi, ɗan burushi mai laushi, da gilashin ƙara girma na hannu. Ana jefa gizo-gizon cikin sinadarin itanol mai ƙarfin kashi 70 zuwa 75 cikin ɗari, ko kashi 95 idan za a yi gwajin ƙwayar gado. Ba a busar da shi kamar malam-buɗe-littafi, domin cikinsa zai motse. A cikin kwalbar a saka 'yar takarda da aka rubuta da fensir, mai ɗauke da sunan wuri, da kwanan wata, da irin muhallin, da sunan wanda ya kama. Samfurin da ba shi da wannan takarda ba shi da amfani ga ilimi. A ɗauki kaɗan, maza da mata, a kuma mayar da duk dutsen da aka ɗaga mazauninsa.

Kafin hawa dutse, a nemi izinin dagaci da dattawan gari, domin wasu wurare suna da alfarma a al'adar mutanen ƙasar, a kuma ji shawararsu kan halin tsaro. Ba a shiga kogo mutum ɗaya, ba a kuma cusa hannu inda ido bai gani ba, saboda maciji da kunama da ƙudan zuma. Ƙurar kashin jemage tana iya jawo ciwon huhu, don haka a rufe hanci.

Kammalawa

Afirka ta Yamma tana cikin yankunan da ba a gama ƙididdige gizo-gizonsu ba. Nau'in da ya dogara da laimar tsaguwar dutse ba ya iya ƙetare busasshen fili, shi ya sa wani lokaci iyakar duniyarsa tsauni guda ne. Idan aka fasa dutsen don tsakuwa, ko aka sare itatuwan da suke yi masa inuwa don gawayi, zai iya ƙarewa tun ba a san da shi ba. Ɗaliban Jami'ar Aikin Gona ta Tarayya da ke Zuru da na sauran jami'o'in yankin suna da duwatsun a ƙofar gida. Tarin kwalabe masu cikakkiyar takarda, da aka tara damina da rani, shi ne tushen da duk wani bincike na gaba zai tsaya a kansa.