Kafin Ka Shiga Layin BRT a Legas

Duk baƙon da ya sauka Legas zai ga wasu dogayen motoci shuɗɗa suna wucewa fuu a hanyarsu ta daban, motocin danfo kuwa na maƙale cikin gosulo. Su ne BRT. Sun fara aiki a watan Maris na 2008, daga Mile 12, inda 'yan'uwanmu ke sauke tumatir da albasa, zuwa CMS da ke tsibirin Legas, tafiyar kilomita 22. Daga baya aka miƙa hanyar har Ikorodu, a 2020 kuma aka buɗe ta Oshodi zuwa Abule Egba.

Ga abin da ba a cika gaya wa baƙo ba: motar na da sauri, jiranta ne ba shi da sauri. Ribar lokacin da ka ci a kan titi, a layi za ka biya ta, kuma yawancin ƙorafin fasinjoji a nan yake. Da safe kowa tsibiri ya nufa, da yamma kowa gida, don haka sai ka zaɓa: ko dai ka idar da sallar asuba ka wuce tasha kai tsaye, ko ka haƙura sai hantsi ya dubi ludayi. Wanda ya fito ƙarfe bakwai ya zaɓi tsayuwa da kansa. In kuwa tafiyarka ta saɓa wa ta jama'a, wato kana barin tsibiri da safe, zama za ka yi har da miƙe ƙafa.

Ba a miƙa wa kwandasta kuɗi kamar a danfo. Katin Cowry ake amfani da shi, kuma shi ɗin dai zai shigar da kai jirgin ƙasan da ke tsakanin Marina da Mile 2. Ka zuba masa kuɗi tun ana gobe tafiya, kada ka bi layi biyu a safiya ɗaya. Ka ɗora shi a kan na'ura in za ka shiga, in kuma akwai na'urar fita, ka sake ɗorawa, don kada a cire maka kuɗin har ƙarshen hanya.

Mai buhu ko kwando ya nemi wata motar. Wannan ta mutane ce. Haka mai gajeriyar tafiya: jiran rabin awa saboda tasha biyu, ni dai ban ga dabararsa ba.

Kada kuma ka ba wa wani alkawarin lokaci kana dogaro da shingen da ya keɓe wa motar hanyarta. Ba ko'ina yake ba, kuma inda ya ƙare, motar kan shiga cunkoso kamar kowa, balle ranar da aka yi ruwan sama. In jama'a suka fara turereniya a bakin ƙofa, waya ta koma aljihun gaba, hannunka a kanta har ka zauna.