Amsar Tambaya: Yoyo a Ɗakin Tirela Mai Zamewa

Tambaya: Wani mai karatu a Amurka ya sayi tirelar yawon shaƙatawa, irin mai ɗakin da ake turowa waje idan an yada zango. Duk sanda aka yi ruwa, sai ya tarar kafet ya jiƙe sharkaf. Ina mafita?

Amsa: Galibin tirelolin nan a yankin Elkhart na jihar Indiana ake ƙera su, kuma roba iri biyu ce ke tsare bakin ɗakin. Akwai mai faɗi da ke share ruwa yayin shige da fice, akwai mai kumburi da ke matsewa idan ɗakin ya tsaya. Rana kan busar da su har su tsage, wani lokacin kuma mai faɗin ta naɗe ciki.

Sai ya sa wani ya riƙe tiyo a waje, ya soma fesa ruwa daga ƙasa zuwa sama, shi kuma yana ciki da tocila. Inda tiyon yake fesawa sanda ɗigo ya fara fitowa, nan matsalar take. Robar da ta yage canza ta ake yi. Gaɓoɓin rufin kuwa gam irin na kamfanin Dicor suke so, domin silikon kan ɓanɓare, sabon gam kuma ba ya kama samansa. Kada ya shafa wa robar basilin, yana lalata ta.

Kafin ya mayar da ɗakin ciki, ya share ganye da ruwan da ke samansa. In katakon ƙasa ya yi laushi, ruɓewa ta fara, sai a kira kafinta.