Kaɗin Ulu da Saƙa da Shi

Tumakinmu na Nijeriya, wato 'Yanƙasa da Uda da Balami, gashi gare su, ba ulu ba. A Afirka ta Yamma tumakin Masina ta ƙasar Mali ne suka yi suna da ulu, wanda Fulani ke saƙa barguna da shi.

Wadda ta sami ulu, ta fara wanke shi da ruwan ɗumi da sabulu, amma kada ta cuɗa. In ya dunƙule ba ya warwaruwa, an yi asara ke nan. Da mazari ake kaɗa shi kamar auduga, sai dai a rage murɗi, domin silinsa ya fi tsawo. Kafin saƙa rigar sanyi, a haɗa zare biyu, a murɗa su saɓanin yadda aka kaɗa, don kada rigar ta karkace.